Jan Layi a Wuyan Akuya

Tun ranar da Ilyasu ya aiko neman izini, Alhaji Labaran bai ƙara kiran 'yarsa Saudatu da "Uwata" ba.

Sunan mahaifiyarsa ta ci, marigayiya Iya Saude, saboda haka tun tana zanin goyo bai taɓa kama sunanta da bakinsa ba. Yanzu kuwa sai "ke". Ke miƙo ruwa. Ke rufe ƙofa. Wanda bai san gidan ba zai ce ƙaramin abu ne. Saudatu kuwa ta gwammace ya ɗauki bulala.

Laifinta guda ne: ta ce mai zane take so.

A shekarun nan da farar hula suka dawo mulki, Abuja kumbura take yi kamar ƙullin da aka zuba wa yis. Ko'ina bulo, ko'ina rodi, kowane lungu an buɗe makarantar ƙananan yara. A ɗaya daga cikinsu Saudatu take koyarwa, da littattafan da aka yo odarsu daga waje, cike da yara masu jan kumatu suna wasa da dusar ƙanƙara. Babu akuya, babu tulu, babu yaro ko ɗaya mai kama da waɗanda ke zaune a gabanta. Abin ya dame ta har ta zauna ta rubuta wata tatsuniya da Iya ke yi mata tana ƙarama, ta wata yarinya Hasana da akuyarta ta ɓata. Ta ɗauko labarin daga ƙauye ta dawo da shi ƙasar Abuja, sannan ta shiga neman wanda zai yi mata hotunan.

Haka ta haɗu da Ilyasu. Daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi ya zo, ya yi dakon siminti a wuraren gini, daga baya ya kama shago a Jikwoyi yana zana allunan masu aski da masu lemar buga waya. Babu wanda ya koya masa. Ido Allah Ya ba shi, da haƙurin zama ya kalli abu har ya haddace shi. Littafin bai kai rabi ba zukatansu suka gama magana.

Alhaji Labaran darakta ne a wata ma'aikatar tarayya. Ya yi boko har ƙasar waje, da ritaya ta matso kuma sai ya ƙara riƙe addini da hannu biyu. Bai ce zai yi wa 'yarsa dole ba, shi ba irin mutanen nan ba ne. Cewa ya yi kawai ba zai karɓi sadakin mutumin da abincinsa ke fitowa daga zanen masu rai ba. A gefe kuma ga Abdulmajeed, ɗan amininsa, wanda bai daɗe da gama makarantar lauyoyi ta Bwari ba, yana ta sintirin gaisuwa da kwandon lemo a bayan mota.

Abdulmajeed ɗin ne ma ya tuna wa Alhaji wata tsohuwar al'ada. A zamaninsu na firamare, in yaro ya zana tsuntsu ko mutum, malamin addini kan sa shi ya ja layi ya ratsa wuyan, wai an raba kai da jiki, hoton ya daina zama cikakkiyar halitta. Alhaji ya ji shawarar ta kwanta masa. Ya kira matarsa Hajiya Bara'atu ya ba ta saƙo:

"Ya kawo zanen nasa gaba ɗaya, na ainihi, ba kwafi ba. Zan bi kowane mai rai in ja masa layi a wuya da hannuna. In ya tsaya ya jure har na gama, ya turo magabatansa."

Maganar hoto malamai sun yi ta tun da daɗewa. Wasu sun tsananta, wasu sun sassauta a kan abin koyar da yara, ni kuma ba malami ba ne. Abin da na sani shi ne Alhaji tsoron Allah ne ya sa shi. Abdulmajeed kuwa ba lahirar kowa ce ta dame shi ba, don a falonsa akwai hotonsa da hular lauya ta gashin doki wanda ya kusa cinye bango. Lissafinsa kawai shi ne babu mai zanen da zai yarda a yi wa aikinsa haka.

Ranar Asabar bayan azahar Ilyasu ya sauka daga bas a Garki, rungume da wani faffaɗan kwali da ya ɗaure da tsumma. Saudatu tana jiransa a bakin ƙofar gida, idanunta sun kumbura.

"Ka koma da su," ta ce.

Ya tsaya yana kallonta.

"Don girman Allah ka koma da su, Ilyasu. Damina guda ka yi a kansu. Jibi Madam Janet ke jiransu a maɗaba'a, kuma ka san ba za ta buga littafin yara da yankakkun wuyoyi ba. Wace uwa ce za ta saya wa ɗanta?"

Ya ce mata hannun da ya yi su yana nan bai gutsure ba, in an ɓata waɗannan sai ya sake wasu.

"Ba za ka iya ba. Kai ka gaya min fentin ruwa sau ɗaya yake ba mutum abin da yake so. Akuyar nan ta shafin farko, takarda nawa ka yaga kafin ta fito?" Hawaye suka zubo mata. "Ni ce na jawo maka. Kana zaman lafiya da allunanka na zo na ɗora maka littafi, yanzu kuma a gidanmu za a yanka shi a gabanka. Gara in shiga in ce wa Abba na janye."

"Ki janye ki auri mai hular gashin doki?"

Dariya ta kuɓuce mata a tsakiyar kukan, ta toshe baki da gefen mayafi.

Ya sassauta murya. "Saudatu, jiya na baje su a ƙasa na yi ta kallonsu. Ba zan ɓoye miki ba, sai da na ji kamar in gudu da su Malumfashi. To amma akuya zan iya sake nemanta a takarda, ko ba ta kai wannan kyau ba. Ke in na rasa ki, a wace takardar zan nemo ki?"

Ta juya ta buɗe masa ƙofa.

A falo Alhaji na zaune a doguwar kujera, an share teburin gabansa. Hajiya Bara'atu na can gefe. Abdulmajeed ma yana nan cikin farar shadda, wai wucewa ya zo yi ya ce bari ya leƙo ya gaida Dadi, kamar yadda yake kiran Alhaji.

Ilyasu ya durƙusa ya yi gaisuwa. Alhaji ya amsa a taƙaice, ya zaro jan biron da yake sa hannu a takardun ofis da shi, ya cire murfin.

"Ka ji sharaɗina?"

"Na ji, Baba."

"Ka yarda?"

"Na yarda."

Ya kwance tsumman, ya ɗora takarda ta farko a kan tebur.

Kowa ya zuba mata ido.

Jar akuya ce tsaye a kan turmi kife, ta karkata kai, da ganyen rama a gefen bakinta. Hasken safiya ya bi gadon bayanta har ana ganin kwanciyar gashin. Idonta kuwa irin idon akuyar da ta san ta yi ɓarna ne kuma ba ta da niyyar tuba. A ƙasa ga Hasana, 'yar mitsitsiya da kitson shuku, ta riƙe ƙugu tana yi mata faɗa.

Hajiya ta matso ba tare da ta sani ba. A hankali ta ce ita fa gani take bakin akuyar nan motsi yake yi. Saudatu ta sha ganin zanen a hannun Ilyasu, amma yau da ta san za a ɓata shi sai ta ga kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

Alhaji ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗora bakin biro a wuyan akuyar ya ja. Ya koma wuyan Hasana ya ja.

Ƙarar biron a kan busasshen fenti kaɗai ake ji. Saudatu ta runtse ido. Ilyasu bai motsa ba, sai jijiyar gefen kansa da ta tashi. Da hannunsa ya ɗauke takardar ya ɗora ta biyu.

A nan akuya ta ɓata, Hasana tana tambayar kaza mai 'ya'ya. Kowane ɗan tsako da halinsa: wani ya leƙo daga ƙarƙashin fiffike, wani yana jan tsutsa, wani ya yi barci a tsaye. Alhaji ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har da mai barcin.

Abdulmajeed ya yi gyaran murya ya ce ai in an duba da kyau layin ma ado ya ƙara musu. Alhaji ya miƙa hannu a ba shi ta gaba.

Takarda ta gaba wata Bagwariya ce a hanyar Bwari, ta ɗauko tukwane a kafaɗa yadda matan Gwari ke yi, kanta a sake, tana nuna wa Hasana hanya da haɓa. Alhaji ya tsaya. Ya tambayi Ilyasu me ya sa bai ɗora mata kayan a ka ba. Ilyasu ya ce ai su ba sa ɗora wa kai kaya, sai da ya yi ta zuwa kasuwarsu yana zama kafin ya gane yadda wuyan ke lanƙwasa. Alhaji ya gyaɗa kai, don shi ma ya sha ganinsu ta gilashin mota. Ya ja layin, amma a hankali.

Aka zo kan Dutsen Zuma bayan an ɗauke ruwa. Baƙin dutse ya cika takarda, ruwa na gangarowa a jikinsa kamar zaren azurfa, gajimare ya sauko ya naɗe masa kai. A gindinsa ga Hasana, ba ta fi ƙwayar gero ba, ta ɗaga kai tana kallo. Hajiya ta ce Subhanallahi. Alhaji kansa sai da ya cire tabarau ya goge. Shekara da shekaru yana wuce dutsen nan a hanyar Kaduna, bai taɓa jin girmansa ya danne masa ƙirji ba sai yau a kan takarda. Ya nemi wuyan yarinyar, da ƙyar bakin biron ya same shi.

Haka aka yi ta tafiya. Direban tifa da ya ba Hasana ruwa, shanu a bakin rafi, balbela a bayan sa. Tarin takardun da aka yanka yana ƙaruwa a gefen Ilyasu, amma bai fasa miƙowa ba. Murmushin Abdulmajeed ya fara raguwa. Bai zaci yaron zai kai nan ba.

Saura takarda ɗaya, an lulluɓe ta da farar takarda mai shara-shara.

Ilyasu ya dubi Saudatu ya ce wannan ko ita ba ta gani ba, ya so ne sai ranar da littafi ya fito. Sannan ya yaye lulluɓin.

Ƙarshen labarin ne. Hasana ta dawo gida a gajiye, ta tarar da akuyar kwance a bayan kakarta tana tauna bakin zaninta. Tsohuwar na zaune a tabarma gindin rumbu, ta miƙe ƙafa ɗaya ta naɗe ɗaya, tana kaɗi. Mazari na juyawa a cikin 'yar tasa. Alli ya yi fari a yatsunta. Ɗankwalinta ya zame baya, ƙullin ya koma wajen kunnen hagu, furfura ta leƙo. Ba ta kalli jikar ba, zaren take kallo, amma gefen bakinta ya nuna tun ɗazu ta san inda akuyar take, dariya kawai take dannewa.

Saudatu ta dafe ƙirji. Hajiya ta miƙe tsaye.

Biron Alhaji ya riga ya sauka kusa da wuyan tsohuwar kafin idonsa ya kai kan fuskar. Nan hannun ya tsaya.

Iya Saude ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Duk mai hoton da Alhaji ya kai ƙauye sai ta shige ɗaka ta ce ita ba abar kallo ba ce. Ta rasu Saudatu na sakandare, ba ta bar ko inuwarta a takarda ba. Alhaji bai taɓa gaya wa kowa ba, amma 'yan shekarun nan in ya rufe ido yana neman fuskarta sai ta riƙa narkewa, ya ga ɗankwali, ya ga tabarma, fuskar ta ƙi zuwa.

Ga ta nan a kan teburinsa.

Ya ɗago ya dubi Ilyasu. "Kai, a ina ka san ta?"

Ilyasu ya ce bai san ta ba. Tunda tatsuniyar tata ce, shi ya sa ya riƙa tambayar Saudatu yadda take zama, yadda take ɗaura, yadda take riƙe mazari. Abin da baki ya kasa kwatantawa kuma sai ya nema a wani wurin.

"Wane wurin?"

Ya sunkuyar da kai. "Goshin da hancin naka ne, Baba. Na yi Juma'a da yawa a masallacinku ina zama inda zan hango ka ta gefe. Bakin kuma na Saudatu ne, in tana ɓoye dariya. Ka gafarce ni."

Alhaji bai ji ƙarshen maganar ba. Idonsa ya sauka kan hannun hagun tsohuwar, wanda ya ɗaga auduga sama. Ƙaramin yatsan a tanƙware yake, ya kauce daga 'yan uwansa. Saudatu ta san yatsan, ita ta kwatanta shi, amma ba ta san dalilinsa ba. Alhaji ya sani. Igiyar guga ce ta fizge shi da asubar ranar da Iya ke ɗebo masa ruwan wanka zai tafi makarantar kwana. Ta naɗe shi da tsumma ta raka shi har bakin mota, ba ta bari ya ga ta yamutsa fuska ba.

Ya kai ɗan yatsansa ya taɓa wurin a hankali, kamar mai tsoron ya fama mata.

Abdulmajeed ya ga abin na neman ƙwace masa. Da ya yi shiru da ya tsira da mutuncinsa, amma wanda ya saba cin nasara da baki bai san lokacin rufe shi ba. Ya matso ya ce, da girmamawa, sharaɗin Dadi shi ne kowane mai rai, kuma har a gama. In an bar ɗaya, sharaɗi bai cika ba. In hannun Dadi ya gaji, shi sai ya ƙarasa masa.

Ya miƙa hannu ya zare biron daga yatsun Alhaji, ya sunkuya kan takardar.

Alhaji ya cafke wuyan hannunsa. Riƙon ba na darakta ba ne, na ɗan ƙauyen da ya tashi da fartanya ne. Biron ya faɗi ya gangara ƙarƙashin kujera.

"Wuyan uwata za ka yanka a gabana?"

"Dadi, ai hoto ne kawai."

"Da ka san hoto ne kawai, me ya kawo ka gidana yau?"

Ya sake shi. Ya ce ya gaida mahaifinsa, kuma ya ja ƙofar in ya fita. Abdulmajeed ya tsaya kamar zai ƙara magana, ya dubi Hajiya, ta kawar da kai. Ya fita. Aka ji ƙarar motarsa ta yi nisa.

Alhaji ya juya ga tarin takardun da ya ratsa da ja. Ya ɗauko ta farko, ya kalli akuyar da layin ya raba wuyanta, ya daɗe bai ajiye ba. Sannan ya dubi Ilyasu, wanda har yanzu yake durƙushe.

"Ai ka tsaya, ka jure. Ni ne na kasa gamawa, ba kai ba." Ya numfasa. "Maganar zane ban gama da ita ba. Zan je in zauna da malamai in tambaya da kyau, abin da ya kamata in yi tun farko ke nan kafin in ɗauki biro. Abin da suka ce, ni da kai za mu bi. Ka yarda da wannan?"

"Na yarda, Baba."

"Waɗannan da na ɓata fa?"

Ilyasu ya ce zai je ya roƙi Madam Janet ta ƙara masa lokaci. In ta ƙi, sai ya nemi wata maɗaba'ar. Zai sake su.

"Akuyar za ta dawo kamar yadda take?"

"Ban sani ba, Baba. Zan nema."

Da Ilyasu ya miƙa hannu zai haɗa takarda ta ƙarshe da sauran, sai Alhaji ya ɗora tafinsa a kanta. Ya ce wannan ta kwana a nan. In masu buga littafi suna bukatarta, shi da kansa zai kai musu ya tsaya a gama ya dawo da abarsa.

"Ka gaya wa magabatanka ina sauraronsu."

Ilyasu ya kifa goshinsa a gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Hajiya ta share ido da bakin mayafi, ta ce ya tashi haka nan, namiji da kuka a gidan surukai tun ba a kai ko'ina ba.

Saudatu na tsaye a bakin labule, ba ta san ko ta shiga ko ta fita ba. Alhaji bai ɗago ba, idonsa na kan tsohuwar mai kaɗi. Ya matsa gefe a kujerar, ya buɗe wuri kusa da shi.

"Uwata," ya ce, "zo ki ga mai sunanki."